Koriyar Jaka a Gidan Nuni

Ranar Asabar da hantsi Yesenia ta zo ɗaukar mahaifiyarta, ta tarar da ita a shirye tun tuni, zaune a bakin gado cikin baƙar rigar zuwa coci, jaka a kan cinya.

"Mami, ba jana'iza za mu ba. Ina jan mayafin da na saya miki?"

"Yana cikin akwati. Jan abu jawo ido yake yi."

"Ai idon nake so ya zo. Yau ke ce uwar mai fitila."

Mahaifiyar, Doña Nubia Cifuentes, ta harare ta, amma ta tashi ta ɗauko mayafin ta naɗa a wuya. Tsohuwar ma'aikaciyar jinya ce da ta ajiye aiki. Shekaru masu yawa da suka wuce, lokacin tana wani ƙaramin asibitin ƙauye a jihar Caquetá ta ƙasar Kolombiya, 'yan tawaye suka tare motar asibitin a hanya, suka shige daji da ita da direban. Yesenia ko famfara ba ta fara ba a lokacin. Da aka sako Nubia ta dawo, ta tarar yarinyar har ta iya karatu, kuma tana jin kunyarta kamar baƙuwa. Suka tattara ya-nasu-ya-nasu suka koma Bogotá. Mijinta ya rasu daga baya. A gidan ba a taɓa zama an yi maganar dajin ba. Abin da kawai Yesenia ta taso ta sani shi ne uwarta ba ta zama ta ba ƙofa baya, kuma ba ta cin shinkafa da wake in sun huce.

Yesenia ta yi karatun ƙirar kayan amfani a jami'a. Wata fitila da ta saƙa wa riga da zaren fique, wani tsiro mai zare kamar rama, aka zaɓa cikin kayan da za a nuna a gidan nunin ƙirar zamani da ke unguwar Chapinero, kuma ranar ce ake buɗewa. Wannan ne ya fitar da Nubia daga gida zuwa cikin taro.

Suka sha kofi a tsaye a bakin titi, suka raba biredin cuku ɗaya, sannan suka shiga. Ɗakin ƙasa fari ne fat, an jera kujeru da butoci da kekuna da takalma, kowanne a kan ɗan dandamalinsa da haske a kansa. Nubia ta tsaya gaban wata kujera mai ƙafa uku da aka lanƙwasa da bututun ƙarfe.

"Wannan ta mutum ce ko ta aku?"

"Mami, a hankali. Mai ita yana bayanki."

"To ya zo ya zauna mu gani."

Yesenia ta toshe baki tana dariya, ta ja ta gaba. Suka wuce wata tukunyar dafa cakulan da Nubia ta rantse irin ta gidansu ce aka ƙara wa wuya, da wata tsintsiya mai mariƙin katako da aka saka cikin gilashi. Nubia ta ce in da ta san haka ne da ta kawo tata, ta fi wannan ganin duniya. Rabon da Yesenia ta ji uwarta tana tsokana haka a waje har ta manta.

Suna cikin haka wata doguwar mata mai gilashin ido, wadda ke kula da baje kolin, ta zo ta kama hannun Yesenia ta ce 'yan jarida na son magana da matasan da ke da kaya, yanzu-yanzu, a tsakar gidan. Yesenia ta kai uwarta wani benci kusa da ƙofar shiga.

"Zauna nan, Mami. Kada ki hau sama sai na dawo. Ni zan kai ki, ta matakalar baya."

"Me ya sami ta gaban?"

"Ba komai. Ki dai jira ni."

Nubia ta ɗauka saboda gwiwoyinta ne, abin ya ɗan sosa mata rai. Ta zauna tana kallon mutane na hawa matakalar gaba, har da wata tsohuwa mai sanda da ta girme ta nesa ba kusa ba. Jira ya yi tsawo. Ta ce a ranta bari ta je ta ga fitilar ita kaɗai tukuna, ta yi kukanta ta share kafin yarinyar ta zo. Ta kama ƙarfen matakalar ta hau.

Tun kafin ta kai sama ta fara jin ruwa. Ba a waje ba, don rana ake yi. Daga cikin bango sautin yake fitowa, ruwa yana zuba a kan faffaɗan ganye, can ƙasa-ƙasa kuma kukan wani tsuntsu da ba a jin sa a birni. Ƙafarta ta tsaya a matakin ƙarshe. Wasu 'yan mata biyu da ke bayanta suka ce mata gafara, dole ta matsa ciki.

A tsakiyar ɗakin an rataye jakunkunan goyo da siririyar waya, suna ɗan juyawa a hankali. Sababbi ne, masu ruwan goro da shuɗi da baƙi. Amma ta san ƙirar. Ta san bakin da ake naɗewa a ɗaure da ƙugiya don kada ruwa ya shiga. Ta san dogon aljihun gefe na saka adda, da igiyoyin ƙasa na ɗaure ledar kwana. A jikin bango an rubuta cewa tsofaffin mayaƙa da suka ajiye makamai ne suka haɗu suka buɗe shagon ɗinki, suna yin jakunkunan don masu hawan dutse da 'yan makaranta.

A ƙarshen layin akwai guda ɗaya tsohuwa, koriya, ta koɗe har ta koma kalar ruwan gulbi. An sa ta don a ga inda ƙirar ta samo asali. Nubia ba ta so matsawa ba, ƙafafunta ne suka kai ta. A kafaɗar jakar ta hagu akwai wata yaga da aka ɗinke da baƙin zare, kuma ba ɗinkin tela ba ne. Kowane ɗinki da ƙullinsa, a rarrabe, yadda ake ɗinke fatar mutum. Ita ta yi shi. Ta yi shi a zaune a kan kututture, da allurar asibiti, igiya a wuyanta, mai jakar yana tsaye a kanta yana cin rogo.

Wata da watanni wannan jakar ce gabanta. In ana tafiya, igiyar wuyanta a jikin ƙugiyar jakar ake ɗaure ta, in mai jakar ya yi sauri ta yi sauri, in ya zame ta zame. Ta san jakar fiye da yadda ta san fuskarsa. A bayanta kuma Don Belisario ne, direban asibitin, dattijo mai ciwon sukari, yana haki yana ce mata, "Taka a hankali, 'yata, ina nan." Wata safiya aka kwance shi aka ce za a sake shi, aka tafi da shi. Sai da ta dawo gida ta san bai taɓa isowa ba.

"Wannan an yarda a taɓa," in ji wata murya a bayanta, can gefen sababbin jakunkunan. "Ku ja da ƙarfi. Jakar da ba ta jure ja ai ba jaka ba ce, ko ba haka ba?"

Mutane suka yi dariya. Nubia ta san muryar. Murya ce mai ɗan dishi, kuma duk maganar da ya yi sai ya rufe ta da waccan tambayar. Ki ci, Dokta, wanda bai ci ba ba ya tafiya, ko ba haka ba? Mai koriyar jakar ne, a daji Shaho suke ce masa. Su kuma Dokta suke kiranta, duk da ta sha faɗa musu ita ba likita ba ce.

Ba ta waiwaya ba. A gilashin da ke kare rubutun bango ta hango inuwarsa: mutum madaidaici cikin farar riga, ya ba ta baya, mutane sun zagaye shi. Yana tsakaninta da matakalar da ta hawo. Ta duba dama, ta ga wani baƙin labule da mutane ke ɗagawa suna shiga. Ta nufe shi tana taka ƙasa a hankali kamar mai tsoron tada wani, wuyanta yana mata ƙaiƙayi, ta sa hannu ta sassauta mayafin.

Bayan labulen duhu ne. Ɗakin fitilu ne, an kashe duk wani haske sai nasu, suna rataye nan da can, kowace da ɗan da'irar haskenta, tsakaninsu kuwa ba ka ganin ko hannunka. Mutane sun zama inuwoyi masu raɗa. Ta ci karo da wani, ta ba da haƙuri, ta ci karo da wani. Ta san fitilar 'yarta na nan a wani wuri, amma ba ta neme ta ba. Ƙofa take nema.

Labulen ya ɗaga a bayanta, haske ya shigo ya fita.

"Señora," in ji muryar. "Señora, dakata."

Ta ji takunsa. Ƙafa ɗaya tana sauka daidai, ɗayar tana ɗan ja. Ita ta ciro ƙarfe daga wannan ƙafar, ba tare da maganin kashe zafi ba, yana cizon bel. Ta ƙara sauri tana lalube bango da tafin hannu, har ta ji sanyin ƙarfe, ta tura. Ƙofa ta buɗe a kan wata siririyar matakalar siminti mai farin haske. Ta sauka tana dafe bango, gwiwoyinta suna ƙara, numfashinta yana fita da sauti. A ƙasa akwai wata ƙofar. Ta murɗa, ba ta buɗe ba. Ta sake murɗawa, ta sa kafaɗa. Irin ƙofar nan ce da sai ma'aikaci ya kara katinsa. Ta bubbuga da tafin hannu, amma ƙarfen mai kauri ne, kuma a ɗaya gefen sai hayaniyar taro.

Ƙofar sama ta buɗe, ta rufe.

Nubia ta juya a hankali ta jingina bayanta da ƙofar. Yana tsaye a saman matakalar, jan mayafinta a hannunsa. Ya rame, gashinsa ya yi furfura a gefe, rigarsa ta sha guga, an maƙala masa ɗan kati a ƙirji mai ɗauke da suna Arbey. Kama yake da mai sayar da magani a kantin unguwa.

"Kin yar da wannan," ya ce. "Can ba a fita, sai dai ki dawo ta..."

Ya tsaya. Ya ɗan sunkuyo yana kallonta. Ta ga lokacin da abin ya zo masa.

"Dokta."

Sai ta ga hannayenta biyu sun haɗu a gabanta, wuyan hannu a kan wuyan hannu, kanta ya sunkuya. Ba ita ta sa su ba. Shekaru nawa, amma jikin bai manta yadda ake tsayawa in za a ɗaure shi ba. Ta raba su da ƙarfi ta riƙe jakarta.

Shi ma ya gani. Ya kawar da kai, ya rataye mayafin a ƙarfen matakalar, ya ja baya har ya taɓa bango.

"Ba zan sauko ba," ya ce. "Kin gani, ina nan."

Tana auna ko in ta yi ihu za a ji, kuma ta san muryar ba za ta fito ba.

"Ban san ke ce ba, na rantse. Na ga mace ta yar da mayafi ne." Ya shafa ƙeya. "Amma tun jiya da muke jera kaya na ga sunan a jikin fitilar can. Rincón Cifuentes. Na ce anya. Yesenia ce, ko ba haka ba? Mai tsoron kaji. Ta girma, ta zama mutum."

Ita ta faɗa masa. Wata rana da zazzaɓi ya kwantar da ita ta yi ta sambatu, ta faɗi sunan yarinyar, da makarantarta, da yadda take gudu in kaza ta tunkaro ta. Ya riƙe duk wannan. Yanzu ya san fuskarta, ya san inda take karatu, ya yi wuni guda yana zagaye fitilarta. Yana maganar ne da murmushi a bakinsa, kuma Nubia ba ta iya gane ko gaisuwa ce ko gargaɗi. A daji ma haka yake, da murmushi yake faɗin komai.

"Kada ka sake kiran sunanta," ta ce. Da ƙyar ta ji kanta.

"To."

"Me kake so?"

"Ni? Ba komai. Ɗinki nake yi yanzu, Dokta. Ina da mata, ina da..."

Wani abu ya faɗi da ƙarfi a ɗakin fitilun, wataƙila ƙarfen da ke tare layi ne wani ya ture. Kafin ƙarar ta mutu ya riga ya durƙusa a kusurwa, bayansa a bango, hannunsa na dama a ƙugu yana neman abin da babu. Nubia ta runtse ido tana jiran harbi. Shiru. Can aka ji dariya daga ciki, wani yana ba da haƙuri.

Ya miƙe a hankali yana kakkaɓe gwiwa. Gumi ya jiƙa wuyan rigarsa.

"Mu da muka buɗe shagon, an binne wasunmu," ya ce, ba tare da ya kalle ta ba. "Babur ne yake zuwa, mutum biyu a kai. Ba a san su waye ba. Ban so zuwa nan ba, sauran ne suka ce ni na fi iya magana." Ya taɓa katin ƙirjinsa. "A nan Arbey nake. Sunan da uwata ta raɗa mini ke nan. Wancan sunan, in ya fita a wuri irin wannan, ga 'yan jarida..."

Ya bar maganar a nan. Nubia ta gane roƙonta yake yi. Ba ta ji tausayinsa ba ko kaɗan, kuma tsoronta bai ragu ba, sai ma ya ƙaru. Ta ga abin da mutanen nan suke yi in sun tsorata. Ita kaɗai ce a gidan nan ta san wancan sunan, kuma ga ta a ƙasan matakala, ƙofa a kulle a bayanta.

Ta yi niyyar cewa ba za ta faɗa wa kowa ba, don kawai ya tafi. Ta buɗe baki, sai wata magana daban ta fito.

"Ina Don Belisario?"

Ya ɗago. "Wa?"

"Direban. Dattijon da kuka ce za ku saka."

Ta yi nadamar tambayar tun kafin ta rufe baki. Tana kallon hannayensa, tana kallon tazarar da ke tsakaninsu, tana tunanin Yesenia a tsakar gida tana yi wa 'yan jarida murmushi.

"Bai kai bakin kogi ba," ya ce.

"Ciwon ne, ko ku ne?"

Ya kalli ƙasa. "Ba ya iya tafiya. Sojoji kuma suna kusa."

"Ba abin da na tambaye ka ke nan ba."

Ya tsallake tambayar. Ya ce akwai wani babban rimi inda rafin La Danta ya faɗa cikin kogi, a gefen da rana ke fitowa, a nan aka binne shi, tsakanin saiwoyi. Ya ce ya faɗa wa hukumar da ke neman waɗanda suka ɓata tun lokacin da suka ajiye makamai, amma bai san sunan mutumin ba, direba kawai ya sani, su kuma wurare sun yi musu yawa, sun ce sai an sami dangin da suka nema.

"Artunduaga," ta ce. "Belisario Artunduaga. Matarsa tana garin Florencia. Har yau tana wanke rigunansa."

Ya maimaita sunan a hankali, sau biyu.

"Zan faɗa musu," ya ce. "Ke kuma..."

"Ka tafi."

"Bari in riƙe miki ƙofar, gwiwarki..."

"Ka tafi. Kada ka tsaya a bayan ƙofar. In na fito na gan ka, zan kira sunan da ƙarfi."

Ya dube ta, wannan karon babu murmushin. Na ɗan lokaci ta ga ainihin fuskar da ta sani, ta tabbata zai sauko. Sai ya juya, ya buɗe ƙofar, ya fita yana jan ƙafa.

Ta daɗe a wurin ba ta motsa ba. Tana sauraron ƙofar sama, ko za ta ji numfashi a bayanta. Daga baya ta ga babu wata hanya sai wannan, ta kama ƙarfe da hannu biyu ta fara hawa. Da ta zo daidai mayafin ta raɓa shi ta wuce, ba ta taɓa shi ba. Ta tura ƙofar da ƙafa, ta jira, sannan ta shiga duhun.

"Mami." Hannu ya kama ta, ta yi baya za ta faɗi. Yesenia ce. "Ina kika shiga? Na duba ƙasa, na duba banɗaki."

Ta ja ta ƙarƙashin wata fitila ta dubi fuskarta.

"Kin bi ta ɗakin jakunkunan."

"Kin sani ashe."

"Na san da jakunkunan. Shi ya sa na ce ki jira ni. Na so ki zo, Mami, in na faɗa miki ba za ki zo ba."

"Mutumin da ke bayani. Ya yi miki magana?"

"Don Arbey? Jiya ya taya ni riƙe tsani. Me ya faru?"

Nubia ta damƙe hannun 'yarta har sai da ta ce wash.

"Kin faɗa masa inda muke zaune?"

"A'a. Ban... na ce daga unguwar Fontibón nake zuwa, don ya tambayi ko da nisa. Mami, wane ne?"

"Shi ne mai igiyar."

Yesenia ba ta taɓa jin labarin wata igiya ba, amma ba ta tambaya ba. Ta sa hannu ta rufe bakinta. Can ta ce za ta je ta faɗa wa shugabar wurin, za ta kira 'yan sanda. Nubia ta riƙe ta.

"Su yi masa me? Gwamnati ta yi sulhu da shi, takardunsa sun fi nawa kyau. Ki yi shiru. Wacce ce taki?"

Yesenia ta nuna da kai. Wadda suke tsaye a ƙarƙashinta ce. Zaren ya tace hasken ya zama ruwan zuma, yana zuba a kafaɗar yarinyar. Nubia ta ɗaga kai ta kalle ta, ta ce ta yi kyau, kuma da gaske take, amma idonta yana komawa kan labulen. Suka fita ta ɗaya ƙofar. A ɗakin jakunkunan, da suka hango daga nesa, wata budurwa ce ke yi wa mutane bayani, shi ba ya nan.

Ba su tafi gida kai tsaye ba. Nubia ta sa suka hau bas mai zuwa kudu, suka sauka a tsakiyar hanya, suka tsallaka titi suka hau wata. Duk babur ɗin da ya tsaya kusa da taga sai ta bi shi da kallo har ya wuce. A bas ta biyu ne, tana kallon gaba, ta fara ba Yesenia labarin, daga tare motar har zuwa rimin. Ba ta yi kuka ba. Yesenia ce ta yi, wata mata da ke gefe ta miƙo mata takardar share hawaye.

Kwanakin da suka biyo baya Nubia ba ta leƙa ko kantin biredi ba. Ta sa aka sauya makullin ƙofa. Ta roƙi Yesenia ta je ta cire fitilar da sunanta daga gidan nunin, Yesenia ta ce za ta yi mata komai ban da wannan, suka yi faɗan da ba su taɓa yin irinsa ba. In aka ƙwanƙwasa ƙofa sai ta tsaya cak a tsakiyar ɗaki har mai ƙwanƙwasawar ya faɗi sunansa. Lambar Doña Amparo, matar Don Belisario, tana cikin wayarta, kullum sai ta buɗe ta rufe. In ta faɗa, za a tambaye ta daga ina ta ji, kuma shi zai san daga bakinta maganar ta fita.

Doña Amparo ce ta riga ta kira. Ta ce wasu mutane daga hukumar neman ɓatattu sun zo gidanta, sun ce wani ya ba da sunan mijinta da wurin da yake, sun ɗebi yawun ɗanta don gwaji. Ta ce, "Nubia, 'yar'uwa, ke kin san wani abu?" Nubia ta zauna a kan kujerar kicin, ta ce eh, ta sani, ta faɗa mata.

Sai da ruwan kogin ya ja baya kafin masu tonon suka iya shiga. Sun same shi a inda aka ce, tsakanin saiwoyin rimin, da bel ɗinsa, da makullin motar asibiti a aljihu. Baje kolin ya daɗe da ƙarewa a lokacin, babu wanda ya zo ƙofar gidan Fontibón, kuma Nubia ba ta sake jin labarin Arbey ba, ba ta kuma tambaya ba.

An binne Don Belisario a Florencia wata ranar Alhamis. Yesenia ta ce za ta raka ta, amma hanyar zuwa can ita ce dai hanyar da aka tare su, Nubia ta ce ba za ta iya ba. Jikar Doña Amparo ta kira ta ta ɗaga wayar sama a cikin cocin. Nubia ta saurari addu'ar daga farko har ƙarshe a teburin kicin, tana amsawa a inda ake amsawa, Yesenia na zaune kusa da ita tana riƙe da wayar.